Chicago Bulls Ta Maƙale a Tsakiyar Teburi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya san ƙwallon kwando a shekarun 1990 ya san jar rigar Chicago Bulls. Kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, shida ta ɗauka tsakanin 1991 da 1998, a zamanin Michael Jordan da Scottie Pippen da koci Phil Jackson. Amma zuwa lokacin da ake shirin buɗe kakar 2025-26, ƙungiyar ta shafe shekara goma ba ta tsallake ko zagaye ɗaya na wasannin fitar da gwani ba. Ga tambayoyin da masu bibiyar gasar suka fi yi game da ita, da amsoshinsu kamar yadda lamarin yake a wancan lokacin.

Shin Bulls ta lalace ne gaba ɗaya?

A'a, kuma a nan matsalar take. Kowace ƙungiya a NBA wasa 82 take bugawa a kaka. A kakar 2022-23 Bulls ta ci 40, aka ci ta 42. A kaka biyun da suka biyo baya ta ci 39, aka ci ta 43, sau biyu a jere ba ragi ba ƙari. Irin ƙungiyar nan ce da za ta doke gwanaye ranar Litinin, ranar Laraba kuma ta sha kashi a hannun ta ƙarshen teburi. A rukunin gabas mai ƙungiya 15, wannan sakamako ya ajiye ta a matsayi na goma sau ɗaya, na tara sau biyu.

To ai tsakiyar teburi ba abin kunya ba ne. Me ya sa ake ta ƙorafi?

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa dole ya yi wannan tambaya. A Firimiyar Ingila, ƙungiyar da ta ƙare ta tara ta tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni, kuma idan tana da mai kuɗi a bayanta sai ta shiga kasuwa ta sayi wanda take so. NBA ba haka take ba. Ƙungiyoyi 30 ne, babu mai faɗuwa, babu mai hawowa. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya kamar yadda ake yi a Turai; musaya ake yi, kuma akwai iyakar albashin da aka gindaya wa kowa.

Babbar ƙofar samun matashin tauraro ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk watan Yuni, wanda aka tsara shi don ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su riga kowa zaɓa. Na sama suna neman kofi, na ƙasa suna kwasar zaratan yara, na tsakiya kuwa sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Bulls ta yi zaɓe na 11 a 2024, ta yi na 12 a 2025. Ana samun 'yan wasa masu kyau a wannan layi, amma ba kasafai ake samun wanda zai ɗauki ƙungiya a kafaɗarsa ba.

Mene ne wasan cike gurbi, kuma me ya sa ake danganta shi da Bulls?

Tun 2021, ƙungiyoyi shida na farko a kowane rukuni ne kawai ke wucewa kai tsaye zuwa wasannin fitar da gwani. Na bakwai zuwa na goma sai sun fafata a kan gurbi biyun da suka rage. Ta bakwai da ta takwas su kara, wadda ta ci ta wuce. Ta tara da ta goma su kara, wadda aka ci ta tafi gida. Sai wadda ta yi nasara a nan ta je gidan wadda ta faɗi a wasan farko, su buga a kan gurbin ƙarshe. Ma'ana, wanda ya ƙare na tara ko na goma sai ya ci wasa biyu a jere, sa'an nan a haɗa shi da ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a rukunin.

Shekara uku Bulls tana shiga wannan wasa, kuma shekara uku Miami Heat ce ke kora ta gida. A 2023 ta je Toronto ta yi nasara, ta je Miami tana kan gaba ana saura 'yan mintuna a tashi, Jimmy Butler da Max Strus suka zura maki 31 kowannensu, aka tashi 102 da 91. A 2024 Butler yana jinya bai ko buga ba, duk da haka aka ci Bulls 112 da 91.

Na 2025 shi ya fi ciwo. Bulls ta doke Miami a duk karawa ukun da suka yi a kakar, ta ƙare kaka da ƙarfinta, kuma a gidanta na United Center aka buga. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Miami ta ba ta ratar da ta haura maki 20. Tyler Herro shi kaɗai ya zura 38, aka tashi 109 da 90. Miami ɗin da ta yi mata haka ta wuce ta haɗu da Cleveland, aka ci ta wasa huɗu a jere ba ta rama ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin Bulls da masu neman kofi da gaske.

Amma ai Miami ta taɓa kai wasan ƙarshe daga matsayi na takwas. Me zai hana Bulls?

Ta kai a 2023, Denver ta doke ta. Sai dai wannan Miami ɗin tana da Butler da Bam Adebayo da koci Erik Spoelstra, ta buga wasan ƙarshe a 2020, kuma ita ce ta ɗaya a gabas a 2022. Ƙungiya ce mai ƙarfi da ta yi kaka maras daɗi. Bulls ba ta da wannan tarihin a kusa da za ta dogara da shi.

Ta yaya aka shiga wannan hali?

A 2017 aka ba Minnesota Jimmy Butler, aka karɓo Zach LaVine da Kris Dunn da Lauri Markkanen, da niyyar sake gini daga tushe. Shekara huɗu aka yi ana shan kashi ba a samu babban tauraro ba. A 2020 aka ɗauko Artūras Karnišovas daga Denver ya shugabanci harkar 'yan wasa, shi kuma ya kawo koci Billy Donovan.

Karnišovas bai yi jira ba. A watan Maris na 2021 ya karɓo Nikola Vučević daga Orlando, tare da Al-Farouq Aminu, wanda ke cikin tawagar Najeriya da ta ɗauki kofin Afirka a 2015. Ya bayar da Wendell Carter Jr. da Otto Porter Jr. da zaɓen zagayen farko guda biyu, wato damar ɗaukar sababbin 'yan wasa biyu a zagayen farko na zaɓen watan Yuni. Da ɗaya daga ciki Orlando ta ɗauki Franz Wagner, wanda yau yana cikin ginshiƙanta. A bazarar wannan shekara aka ƙaro DeMar DeRozan da Lonzo Ball da Alex Caruso, kuma a cinikin DeRozan wani zaɓen ya sake tafiya San Antonio.

Adalci shi ne a ce abin ya yi aiki na ɗan lokaci, kuma ya yi daɗin kallo. Ball da Caruso suna ƙwace ƙwallo, LaVine yana tashi sama, DeRozan yana gamawa. A daren 31 ga Disamba 2021 a Indiana, DeRozan ya jefa mai maki uku yana tsaye da ƙafa ɗaya daidai lokacin da ƙararrawar tashi ta kaɗa, Bulls ta ci. Washegari a Washington ya sake yin haka daga kusurwa, da mutum biyu a kansa. Ba a taɓa samun wanda ya yi haka kwana biyu a jere ba a tarihin gasar. A lokacin Bulls ce ta ɗaya a gabas.

Mako biyu bayan haka gwiwar Ball ta hagu ta samu matsala. Bai sake buga wasan gasa ba sai Oktoba 2024, bayan tiyata uku. Ƙungiyar ta gangaro ta ƙare ta shida da nasara 46, Milwaukee ta fitar da ita da ci 4 da 1 a zagayen farko. Daga nan ba ta sake shiga ba.

Ke nan raunin Lonzo Ball ne ya jawo komai?

Raunin ƙaddara ne, babu mai zargin kowa a kansa. Abin da za a tuhumi shugabanni da shi shi ne abin da suka yi bayan sun ga Ball ba zai dawo da wuri ba. Kasuwar musaya ta watan Fabrairu ta buɗe ta rufe a 2022 da 2023 da 2024, Bulls ba ta yi ciniki ko ɗaya ba. Maimakon haka sai aka ƙara ɗaure kai: LaVine ya samu kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 215 a 2022, Vučević ya samu na shekara uku na miliyan 60 a 2023, Patrick Williams, wanda aka ɗauka na huɗu a 2020 kuma har yanzu bai cika abin da aka zata ba, ya samu na shekara biyar na miliyan 90 a 2024.

A ganina wannan jinkirin shi ne babban laifin, ya ma fi cinikin Vučević. Kowane shugaba yana iya yin caca ya faɗi. Amma ɗan wasa kaya ne mai lokaci: yana da daraja yau, shekara mai zuwa ya ƙara tsufa, kwantiraginsa ya ƙara gajarta. Duk wanda ya riƙe shi har kasuwa ta watse, abin da aka taya shi ne zai karɓa.

Da aka zo sayarwar, me aka samu?

A Yuni 2024 Caruso, wanda aka zaɓa cikin fitattun masu tsaron baya na gasar shekara biyu a jere, ya tafi Oklahoma City a musayar mutum da mutum da Josh Giddey. Oklahoma na cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa tara zaɓe a ajiye, amma Bulls ba ta fito da ko ɗaya ba. Shekara ɗaya bayan haka Caruso ya ɗaga kofi da sabuwar ƙungiyarsa. DeRozan ya tafi Sacramento a Yuli 2024 bayan kwantiraginsa ya ƙare, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. LaVine ya bi shi can a Fabrairu 2025, Bulls ta karɓi Kevin Huerter da Zach Collins da Tre Jones, sai kuma zaɓenta na 2025 da ta ba San Antonio tun cinikin DeRozan. A bazarar 2025 Ball ya koma Cleveland, Isaac Okoro ya zo.

Idan aka tattara, fitattun 'yan wasa huɗu sun fita, kuma zaɓen zagayen farko ɗaya tilo da ya shigo, nata ne na asali da ya dawo gida.

Me ya hana ta ta yarda ta sha kashi shekara biyu ko uku, ta samu zaɓe na sama?

Wannan ita ce muhawarar da ta raba kan magoya baya, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Masu cewa a rushe a sake gini suna nuna Oklahoma City. A 2019 ta ba Los Angeles Clippers Paul George, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da zaɓen zagayen farko biyar. Ta ci wasa 22 a wata kaka, 24 a ta gaba. A 2022 ta ɗauki Chet Holmgren na biyu, ta ɗauki Jalen Williams na 12 da zaɓen Clippers. A kakar 2024-25 ta ci wasa 68 ta ɗauki kofi.

Masu adawa kuma suna nuna Philadelphia, wadda ta yi shekaru tana faɗuwa da gangan har ta ci wasa 10 kacal a 2015-16. Ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru, wanda ya zama gwarzon gasa a 2023, amma har zuwa 2025 ba ta wuce zagaye na biyu da shi ba. Suna kuma tuna cewa tun 2019 aka rage garaɓasar zama na ƙarshe: ƙungiyoyi uku mafi muni kowace kashi 14 cikin 100 take da shi na samun zaɓe na ɗaya a ƙuri'ar da ake yi don sanin wa zai fara zaɓa. Detroit ce ta ƙarshe a 2023 da 2024, kuma duka biyun zaɓe na biyar ta samu. Chicago kanta ta ɗanɗana wannan hanya bayan tafiyar Jordan, ta yi kaka shida a jere ba ta shiga fitar da gwani ba, har da wadda ta ci wasa 15 kawai.

Ni dai abin da nake ɗauka daga labarin Oklahoma ba yawan shan kashin ba ne. Ta sayar da taurarinta lokacin da suke da tsada, ta tara zaɓe masu yawa har ya zama ko wasu sun ɓaci wasu za su yi kyau. Indiana kuma ba ta daɗe a ƙasa can ba. Ta yi ƙarfin halin ba da Domantas Sabonis a 2022 don ta samu Tyrese Haliburton, ta ƙaro Pascal Siakam a 2024, ta kai wasan ƙarshe a 2025. Hanyoyi biyu ne mabambanta, amma duka biyun an yanke shawara da wuri an bi ta. Bulls ba ta bi ko ɗaya ba.

Gaskiya ne saura ƙiris Bulls ta samu Cooper Flagg, matashin da aka ɗauka na ɗaya a zaɓen 2025?

Gaskiya ne. Bulls da Dallas sun ƙare kakar 2024-25 da sakamako iri ɗaya, 39 da 43. Aka yi ƙuri'ar raba gardama, Dallas ta samu layi na 11 mai kashi 1.8 cikin 100, Bulls ta samu na 12 mai kashi 1.7. A babbar ƙuri'ar watan Mayu, lambobin layi na 11 ne suka fito, Dallas ta ɗauki Flagg. Abin ya yi wa mutanen Chicago zafi musamman don da kashi 1.7 ɗin nan ne suka ci ƙuri'a a 2008 suka ɗauki Derrick Rose, ɗan garin, wanda ya zama gwarzon gasa a 2011 yana da shekara 22. Sa'a irin wannan tana zuwa, sai dai ba a tsara makomar ƙungiya a kanta.

Ina ruwan mai ƙungiyar a ciki?

Jerry Reinsdorf ya sayi Bulls a 1985, ɗansa Michael ne ke tafiyar da ita yanzu. A NBA, wanda albashin 'yan wasansa ya haura wani layi yana biyan harajin wuce iyaka. A kakar 2025-26 iyakar albashi ta kusa dala miliyan 155, layin haraji kuma ya kusa miliyan 188. Ba kasafai Bulls take biyan wannan haraji ba, alhali Chicago ita ce birni na uku mafi girma a Amurka. United Center na ɗaukar mutum sama da 20,000, kuma Bulls tana sahun gaba a yawan 'yan kallo ko tana ci ko ba ta ci. Shi ya sa magoya baya da yawa suke ganin babu abin da ke matsa wa masu ƙungiyar su canza: kujeru a cike, riguna na tafiya, ƙungiya kuma tana cikin takara har watan Afrilu.

Su wa ake gina ƙungiyar a kansu a farkon kakar 2025-26?

Josh Giddey, ɗan Ostareliya mai tsayi da ido wajen raba ƙwallo, ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 100 a Satumba 2025. Bayan tafiyar LaVine ya buɗe wuta, kuma a watan Maris 2025 ya doke Los Angeles Lakers da jifa daga tsakiyar fili a daƙiƙar ƙarshe, aka tashi 119 da 117. Tambayar da ke kansa ita ce tsaron baya, da kuma ko jifarsa ta nesa za ta ɗore kaka guda cur.

Matas Buzelis, wanda aka ɗauka na 11 a 2024, shi ne wanda nake ganin ya fi kowa damar zama wani abu babba: dogo ne, yana tare jifa, ba ya tsoron shiga ƙarƙashin kwando. Noa Essengue ɗan Faransa da aka ɗauka a 2025 yaro ne ƙarami, sai an yi haƙuri da shi. Sai Coby White, wanda ya zo na biyu a zaɓen ɗan wasan da ya fi samun ci gaba a 2024, da Ayo Dosunmu, haifaffen Chicago mai tushe a Najeriya, kamar yadda Okoro ma iyayensa 'yan Najeriya ne. Dukkansu 'yan wasa ne masu amfani. Har zuwa 2025, a cikinsu babu wanda ya taɓa shiga wasan taurarin gasa. Vučević ne kaɗai ya taɓa, shi kuma ya cika shekara 35 a watan Oktoba 2025.

Yaya damarta ta shiga fitar da gwani take kafin a buɗe kakar 2025-26?

A lokacin, ƙofa a buɗe take fiye da kullum. Jayson Tatum na Boston da Haliburton na Indiana duk sun tsinke jijiyar agara a wasannin ƙarshen kakar 2024-25, Milwaukee kuma ta rabu da Damian Lillard bayan irin wannan rauni. Bulls ta ci 15 daga wasa 20 na ƙarshen kakar 2024-25, tana buga wasa mai gudu da yawan jifa daga nesa. Sai dai nasarar watan Maris da Afrilu ana karɓar ta da taka-tsantsan, don a lokacin wasu ƙungiyoyi sun riga sun haƙura, wasu kuma suna hutar da manyansu. Cleveland da New York da Orlando da Detroit da Atlanta duk sun fi ta kayan aiki. Abin da na fi zato a lokacin shi ne ta sake samun kanta tsakanin na takwas da na goma.

Kafin a buɗe kakar 2025-26, mene ne ya kamata mai bibiya ya sa wa ido?

Kasuwar watan Fabrairu 2026. Kwantiragin Vučević da White da Dosunmu da Huerter da Collins duk suna ƙarewa a bazarar 2026. Na White ya fi ɗaure kai: albashinsa na lokacin ƙarami ne, shekara uku a kan dala miliyan 36, kuma doka ta taƙaita ƙarin da za a iya yi masa kafin kwantiragin ya ƙare, don haka zai fi son ya jira kasuwa ta taya shi. Idan Bulls ta riƙe shi har ƙarshen kaka, ko dai ta biya shi kuɗi mai kauri, ko ya tafi ta tashi hannu rabbana. Idan kuwa tana ta tara a teburi a watan Janairu, jarabar riƙe kowa don a sake gwada wasan cike gurbi za ta yi ƙarfi, kamar yadda ta yi a 2023 da 2024. Ra'ayina a lokacin shi ne a ba Buzelis da Essengue mintuna masu yawa ko da za a yi asarar wasanni, a saurari tayin da za a yi a kan Vučević da White tun kafin kasuwa ta rufe, kuma duk cinikin da za a yi a tsaya sai an haɗa da zaɓen zagayen farko.